Fuska Ko Daji: Sharhi a Kan Zanen Anime da Masu Tara Shi Ke Rububi

Gabatarwa

A ƙasar Japan akwai wata kasuwa wadda hajarta a da shara ce. Ledoji ne da takardun da aka yi zane a kansu wajen haɗa finafinan zane, irin waɗanda duniya ta sani da suna anime. A shekarun 1970 da 1980, idan kamfani ya gama fim, waɗannan kaya sai su zame masa nauyi: wasu a zubar, wasu a raba wa yaran da suka zo kallon ma'aikata, wasu a sayar da su a kan kuɗi ƙalilan. A yau kuwa shagunan Mandarake da ke unguwar Nakano a birnin Tokiyo, da kamfanin gwanjo na Heritage da ke Dalas ta Amurka, suna sayar da leda guda a kan dubban daloli, musamman in ta fito daga finafinan Hayao Miyazaki.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne haɗin kifi da kaska? Me ya kawo zancen zanen Japanawa cikin mujallar marubutan Hausa? Amsarmu ita ce, abin da masu tara zanen nan suke zaɓa da abin da suke bari a baya ya yi kama ƙwarai da abin da mu marubuta muke zaɓa da abin da muke bari a cikin littattafanmu. Za mu dubi yadda ake yin zanen, da irin wanda aka fi so, da ma'anar da ke tattare da shi, sa'an nan mu auna abin da muka gani da wani wuri namu na gida, wato Birnin Gwari da dajinta.

Yadda Ake Haɗa Zanen

Ba mu zama baƙi ga anime ba. Waɗanda suka tashi a shekarun 1980 sun kalli Voltron a talabijin, na bayansu kuma sun san Kyaftin Majid ta tashoshin Larabawa, wanda asalinsa Kyaftin Tsubasa ne na Japan. Sai dai kaɗan daga cikinmu suka san irin wahalar da ke bayan kowace daƙiƙa ta waɗannan finafinai.

Fim yana gudu ne da hoto 24 a daƙiƙa guda. Tun lokacin da Osamu Tezuka ya fara nuna Astro Boy a talabijin a shekarar 1963, Japanawa suka saba da rage yawan zane don sauƙin kuɗi, har zane 8 kacal kan isa daƙiƙa guda. Duk da haka, fim mai tsawo yana iya cin zane sama da dubu ɗari. Akira, na Katsuhiro Otomo, wanda ya fito a 1988, ya ci kimanin 160,000.

Aikin hawa-hawa ne. Da farko darakta yakan zana labarin gida-gida a takarda, kamar yadda marubuci ke tsara babi-babi. Daga nan sai a fitar da tsarin kowace fitowa: ina mutum zai tsaya, ina haske zai faɗo, ina kyamara za ta dosa. Sai gwanin zane ya ɗauki fensir ya zana manyan gaɓoɓin motsi, abin da suke kira genga. Shugaban masu zane ya bi sawu ya yi gyara, yawanci a kan takarda ruwan ɗorawa da yake ɗorawa bisa ta farko. Sa'an nan ƙananan ma'aikata su cike motsin da ke tsakani, su tsabtace layi, wannan shi ne doga. Bayan haka ne ake kwafe layin a kan wata leda mai ƙarfi wadda ake gani ta cikinta, ana ce mata sel, a juya bayanta a shafa fenti. Can gefe guda kuma wasu masu zane na daban suna zaune da buroshi suna zana wurin da abin ke faruwa, ko gari ne ko daji ko cikin ɗaki, a kan takarda mai kauri. Wannan za mu kira shi shimfiɗa. A ƙarshe sai a ɗora ledar bisa shimfiɗar, a ɗauki hoto, a cire, a ɗora ta gaba.

Wannan hanya ta mutu. Daga ƙarshen shekarun 1990 kwamfuta ta karɓe aikin fenti da ɗaukar hoto. Shirin Sazae-san, wanda shi ne na ƙarshe da ya riƙe leda a talabijin ɗin Japan, ya sake ta a shekarar 2013. Mutuwar sana'ar ita ce ta haifi kasuwar, domin abin da ba za a ƙara yin irinsa ba shi ke tsada. Ledar ma ba ta dawwama: in ta tsufa takan yi warin tsami, ta lanƙwashe, layin da ke kanta ya dushe.

Abin da Masu Tarawa Suka Fi So

In aka duba abin da ke tashin farashi a wannan kasuwa, za a ga ƙa'idojin ba su da yawa. Ana son tauraron fim, ba ɗan rakiya ba. Ana son fuska ta cika ledar, tana duban mai kallo, idanu a buɗe. Ledar da aka kama tauraro yana ƙifta ido, ko ya ba da baya, ko yana can nesa ɗan mitsitsi, farashinta yakan faɗi warwas, ko da daga fitowa ɗaya suke da mai tsadar. Ana kuma son fitowar da kowa ke tunawa, alal misali inda yarinya Satsuki ke tsaye da laima a tashar mota cikin ruwan sama kusa da Totoro, a fim ɗin Miyazaki na 1988. Mafi daraja duka ita ce ledar da ta zo tare da shimfiɗarta ta asali, dalili kuwa shi ne shimfiɗa guda ce ke ɗaukar ledoji masu yawa, saboda haka a kowace fitowa mutum ɗaya ne kawai zai iya mallakar cikakken hoton.

Ba mu ga laifin mai son fuska ba. Mutumin da ya sayi ledar tauraron da ya kalla yana ɗan shekara tara, ƙuruciyarsa yake saye, kuma wannan abin a tausaya ne. Akwai kuma wata ma'ana ta gaske a cikin ledar: ita ce ainihin abin da ya tsaya gaban kyamara, hasken da ya ratsa ta shi ne ya iso idon miliyoyin mutane. Wanda ya riƙe ta ya riƙe wani yanki na daƙiƙa guda daga cikin fim ɗin.

Amma a matsayinmu na masu nazari dole mu faɗi inda kasuwar ta karkace. Leda ita ce matakin da ya fi nisa da hannun mai ƙirƙira. Layin da ke kanta kwafe ne, galibi ma da na'ura aka kwafe shi, fentin kuwa an shafa shi ne bisa lambar launin da wani ya riga ya zaɓa. In ana neman inda tunani yake, sai a koma ga takardar fensir, inda ake ganin layin da aka ja aka goge, da ɗan rubutun da darakta ya bari a gefe, da takardar gyara da ta sauya karkatar gira ta mai da fushi ya zama baƙin ciki. Wato ke nan kasuwa ta fi daraja sakamako a kan aiki. Abin da ya ƙara muni shi ne, masu cike motsin nan ana biyansu ne a kan kowace takarda, kuma an daɗe ana ruwaito cewa abin da suke samu bai wuce kimanin yen 200 a takarda ba. In ledar da ta fito daga hannunsu ta yi dubban daloli a gwanjo, ko sisi ba ya komawa gare su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alhamdu lillahi, a Japan ɗin ma an samu masu gyara wannan karkata. A shekarar 2007 gidan adana zanen zamani na Tokiyo ya baje kolin aikin Kazuo Oga, mutumin da ya zana dazuzzuka da gonakin fim ɗin Totoro, aka nuna ɗaruruwan shimfiɗu waɗanda babu mutum ko ɗaya a cikinsu, jama'a kuma suka yi ta tururuwa. A 2008 aka sake baje kolin takardun tsarin fitowa na kamfanin Ghibli, kimanin 1,300, yawancinsu fensir ne zalla. Waɗannan bukukuwa biyu sun koya wa masu kallo su dubi abin da ke bayan tauraro.

Dajin da Aka Zana

Babu fim ɗin da ya fi nuna muhimmancin shimfiɗa kamar Gimbiya Mononoke, wanda Miyazaki ya fitar a watan Yuli na 1997. An yi amfani da zane kimanin 144,000 a cikinsa, kuma yana cikin manyan finafinan Ghibli na ƙarshe da aka yi da leda. Shugabannin zanen shimfiɗa har biyar aka sa, cikinsu da Oga da Nizo Yamamoto. Kafin a fara aiki, a shekarar 1995, Miyazaki ya ɗebi ma'aikatansa suka tafi tsibirin Yakushima, inda ake da itatuwan da suka haura shekara dubu, suka shiga dajin da ƙafarsu. Oga kuma ya nufi tsaunukan Shirakami a arewacin ƙasar don ya zana yankin da tauraron ya fito.

Jigon fim ɗin rikici ne a kan daji. Wata mace mai suna Eboshi ta kafa garin maƙera a gefen dajin, tana sare itatuwa don hura wutar narka tama, tana ƙera bindigogi. Dabbobin dajin da wata yarinya San, wadda kyarketai suka rena, suna yaƙar ta. Tauraron, Ashitaka, ya faɗo tsakiyarsu ɗauke da wata la'ana a hannunsa. Inda gwanintar take shi ne, Eboshi ba muguwa ba ce irin ta tatsuniya. Ita ce ta fanshi mata daga gidajen karuwai ta ba su sana'a, ita ce ta tattara kutare ta ba su matsuguni a lokacin da kowa ke gudunsu. In dajin ya tsira, waɗannan bayin Allah sun rasa abinci. In garin ya ci gaba, dajin ya ƙare. Fim ɗin bai yanke wa kowa hukunci mai sauƙi ba.

To, wannan nauyi duka a kan me ya tsaya? A kan shimfiɗa. In mai kallo bai yarda cewa dajin nan rayayye ne ba, in bai ga gansakuka a jikin dutse da hasken rana yana ratsa ganye yana sauka kan ruwa ba, to sare shi ba zai dame shi ba, labarin kuma ya rushe. Dajin shi ne babban tauraro, amma a ma'aunin kasuwa fuskar San da jini a bakinta ita ce abin nema. Mai tarawa da ya rataye fuskar ya bar dajin, ya ɗauki rabin magana ne.

Dajin da Ba a Zana Ba

Yanzu mu dawo gida. A yammacin Jihar Kaduna akwai Birnin Gwari, a kan tsohuwar hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta nufi Tegina, hanyar da manyan motocin Legas suka daɗe suna bi. A ƙasarta ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana ta wajen Zamfara. Daji ne na doka da maje da kawo da taura da kaɗanya, da tukurwa a bakin rafuka. An san shi da giwaye da gwanki da kanki da gadu da birai, da tsuntsaye iri-iri. Akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, akwai duwatsu irin su Goron Dutse. A ƙarƙashin ƙasar kuma akwai zinariya, wadda ake haƙa a wajen Tsohon Birnin Gwari tun zamanin Turawa.

Duk abin da Miyazaki ya tara a fim ɗinsa yana nan: daji, da ma'adini, da bindiga, da talakawan da cikinsu ya dogara ga abin da ke cinye dajin. Akwai manomi Bagware ko Bakamuke ko Bahaushe da ke son faɗaɗa gona, akwai makiyayin da burtalinsa ya toshe, akwai mai haƙar zinariya, da mai yankan katako, da mai gawayi, da ma'aikacin gandun daji. Fiye da shekara goma 'yan bindiga suka mai da dajin mafaka, aka kashe mutane, aka sace na sacewa, ƙauyuka suka watse, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar soja. Harin da aka kai ƙauyen Gwaska a watan Mayu na 2018, inda aka kashe mutane da dama a rana ɗaya, yana cikin waɗanda ba a mantawa. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin ya sake buɗe kasuwar shanu bayan wani sulhu da aka ƙulla, kasuwar da ta yi shekaru a rufe.

Tambayar da ta dame mu ita ce, me alƙalaminmu ya yi da wannan wuri? A bakin jarida, Birnin Gwari adadi ne na gawa. A cikin ƙagaggun labaranmu kuwa, daji kalma biyu ce: ƙungurmin daji. Da marubuci ya rubuta su, ya sallami kansa, sai ya koma ga fuskar tauraruwa, ya ba ta shafi biyu: idanu dara-dara, hanci har baka, gashi har gadon baya. Ba mu san wace bishiya aka ɗaure wanda aka sace a gindinta ba, ba mu san ko damina ce ciyawa ta rufe mutum ko kaka ce an ƙone daji ana hango nesa ba, alhali wannan bambanci shi ne rai da mutuwa ga mai gudun tsira. Mun zama kamar mai tara leda: muna rububin fuska, mun bar shimfiɗa fara fat.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, daji wurin ratsawa ne, inda jarumi ke gamuwa da abin mamaki ya wuce. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda labarinsa ya faro daga Kagara, maƙwabciyar ƙasar Birnin Gwari, ya fi kusa da nuna daji a matsayin wurin da ake farautar mutane, kuma abin takaici ne yadda jigonsa na satar ɗan Adam ya dawo sabo a wannan yanki. Amma su waɗannan magabata suna da uzuri, domin su ne masu share fage. Mu da muka zo bayan shekara casa'in, wane uzuri gare mu?

Illar wannan sakaci ta wuce ta adabi. Wurin da ba a taɓa siffanta shi da kyau ba, ba a jin zafin rasa shi. In duk abin da yaron Kano ko na Sakkwato ya sani game da Kamuku shi ne maɓoyar ɓarayi, to ranar da aka ce a ƙone shi ƙurmus ko a sare shi kaf zai ce madalla. A Japan, bayan fitowar Totoro, a shekarar 1990 aka kafa wata gidauniya da sunansa wadda ke sayen filayen daji a tuddan Sayama, kusa da Tokiyo, don kada a gine su. Zanen bishiya ya ceci bishiya. Ba mu ce labari zai kori ɗan bindiga ba, amma labari yana iya sa a tuna cewa akwai abin da ya cancanci a ƙwato.

Namu Takardun Fa?

Akwai darasi na biyu, wanda ya shafi adana kayan aiki. Littattafan da suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980, zamanin ƙungiyoyi irin su Raina Kama, da yawansu da hannu aka zana bangonsu kafin hoton 'yan fim da kwamfuta su karɓe wurin. Kowane bango yana da zane na asali da wani ya zauna ya yi, sau da yawa ba a ko rubuta sunansa a littafin ba. Haka kuma kowane littafi yana da rubutun hannu a cikin littafin makaranta mai layi, da gogensa da gyaransa. Wannan shi ne namu genga. Mai nazarin da ya samu rubutun farko na wani littafin Balaraba Ramat Yakubu ko Ado Ahmad Gidan Dabino ko Bilkisu Funtuwa, ya ga abin da aka soke da abin da aka ƙara, zai koyi abin da bugaggen littafi ba zai koya masa ba. Japanawa sun zubar da nasu da farko, daga baya suka dawo suna saye da tsada. Gara mu tun wuri mu hutar da kanmu wannan nadama, tun da gara da ɗanshi da gobara ba sa jiran kowa. Yau da rubutu ya koma waya, abin ya fi sauƙin ɓata: gyara yana shafe na baya nan take, waya kuma in ta faɗa ruwa ta tafi da komai.

Kammalawa

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, guda uku ce. Ta farko, duk wanda zai sa daji a labarinsa ya nemi saninsa kamar yadda ya san tauraronsa. In shiga bai yiwu ba saboda tsaro, to mutanen Kuyello da Randagi da Dogon Dawa suna nan a garuruwansu da kuma Kaduna da Zariya da Funtuwa, mafarauta da makiyaya da direbobi da matan da suka yi tsintar kaɗanya. A zauna da su, a tambayi sunan kowace bishiya da kowane rafi, a rubuta. Ta biyu, in za a rubuta rikicin, a guji raba mutane gida biyu, mala'iku da shaiɗanu. Wanda ya kashe ya kashe, kada a wanke shi, amma a nuna hanyar da ta kai shi can, da wanda ke sayen shanun sata, da wanda ke sayen zinariyar. Ta uku, kowane reshe na ƙungiyarmu ya tanadi akwati guda inda mambobi za su ajiye rubutun hannunsu da zanen bangonsu na asali, da sunan mai zanen da shekarar da aka yi, kafin a san yadda za a miƙa su ga wurin adana tarihi irin Gidan Arewa da ke Kaduna.

Mai tara zane a Tokiyo yana da kuɗin da zai sayi fuska, in ya yi sa'a ya haɗa da shimfiɗarta. Mu a nan shimfiɗar tana tsaye da ranta a yammacin Kaduna, ba a ko fara zana ta ba. Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya kuma ba mu alƙalamin da zai yi mata adalci.